Baje kolin littattafan da aka taɓa hanawa: tambayoyi da amsoshi ga masu kula da ɗakunan karatu

Wannan bayani na masu riƙe da ɗakunan karatu ne a Garwa, Marwa, Ngaundare da Kusiri, da malaman makarantun da ke son shirya nuni kan tace littattafai da 'yancin karatu ba tare da abin ya zama rigima ba.

Mene ne ake bajewa, kuma ina abin ya samo asali?

A 1982 aka fara makon littattafan da aka hana a Amurka, kuma Ƙungiyar Ɗakunan Karatu ta ƙasar na cikin masu ɗaukar nauyinsa har yau. Abin da ake nuna wa jama'a shi ne tarihin hanin: wa ya hana littafin, a wace shekara, da wane dalili, kuma yaya aka ƙare. Littafin da aka ɗora a tebur babu waɗannan amsoshi huɗu, talla kawai aka yi masa, kuma irin wannan ne ke sa mutanen unguwa su ce an zo da kayan ɓata yara.

Wane misali ya dace da mai karatu na arewacin Kamaru?

A fara da na gida. Marubucin Kamaru Mongo Beti ya fitar da littafinsa Main basse sur le Cameroun a Faris a 1972, gwamnatin Faransa ta hana shi nan take, ba a ɗage hanin ba sai 1976. Marubucin ya dawo Kamaru a 1991 bayan shekaru da dama a waje, daga baya ya buɗe kantin littattafai a Yawunde. Labarin yana da fari yana da ƙarshe, ɗalibin sakandare zai iya bin sa.

Na biyu, jaridu. Har bayan dokar 19 ga Disamba 1990 kan 'yancin sadarwa, ana kai jarida wa hukuma ta duba kafin ta fita kasuwa, shi ya sa jaridu irin Le Messager na Pius Njawe kan fito da gurabe babu rubutu inda aka cire labari. A 1996 aka soke wannan duban. Wanda ya samu tsohon shafi mai irin wannan gurbi a ajiyar wani dattijo ya samu abin da ya fi kowane jawabi, don ko wanda bai iya Faransanci ba yana ganin ramin da idonsa.

Daga nan a leƙa maƙwabta. Kano ta kafa hukumar tace fina-finai da ɗab'i a 2001, kuma masu karanta littattafan Hausa da ke shigowa kasuwanninmu sun san muhawarar da ake yi kan tace su. A Tumbutu, a Janairun 2013, 'yan bindiga sun ƙona rubuce-rubucen hannu a Cibiyar Ahmad Baba, ko da yake an riga an sulale da mafi yawan na garin zuwa Bamako. Jerin littattafan da Cocin Katolika ya haramta daga 1559 zuwa 1966, da ƙona littattafai a Balin ta Jamus ranar 10 ga Mayu 1933, kati ɗaya-ɗaya ya ishe su.

Yaya ake shirya teburin?

Abu goma zuwa goma sha biyu sun isa, fiye da haka mai kallo ya gaji. Kowanne da katinsa na rabin takardar A4, kalmomi kada su wuce 60, da harufan da za a iya karantawa daga taku biyu. A rubuta da Faransanci da Hausa ko Fillanci, babban take kuma a sa masa ajami, don almajirai da manya da yawa ta nan za su shiga. Katin ya tsaya daidai ido, wajen mita ɗaya da rabi daga ƙasa.

Kowace shekara da kowane suna da ke kan kati sai an same su a rubuce a wuri biyu daban. "An ce an hana" ba ya hawa kati.

Idan babu littafin, ko kuwa har yanzu doka ba ta sake shi ba, a bar gurbinsa wayam a kan kanta, a sa katin kaɗai. A dandalin da aka ƙona littattafai a Balin, abin tunawar da aka gina ɗaki ne a ƙarƙashin ƙasa da kantoci babu ko littafi ɗaya, ana leƙa shi ta gilashi. Hoton bangon littafi ya halatta a nuna, amma buga littafi gaba ɗaya a injin kwafi shiga haƙƙin mawallafi ne.

Sai an nemi izini?

Nuni a cikin ɗakin karatu yana ƙarƙashin shugaban wurin, sai dai a sanar da magajin gari ko shugaban makaranta a rubuce. Idan za a haɗa da lacca ko muhawara da aka gayyaci kowa da kowa, dokar taruka ta 1990 ta ce a sanar da hukuma aƙalla kwana uku cikakku kafin ranar, a karɓi takardar shaida. A kai da wuri, a riƙe kwafi a wurin taron. Gaisuwa ga jauro ko lawan da limamin unguwa ba doka ba ce, amma wanda ya tsallake ta zai ji a jikinsa.

Idan uba ko malami ya ce a cire wani littafi fa?

A saurare shi a zaune, kada a bakin ƙofa. Uba yana da iko ya ce ɗansa ba zai karanta kaza ba, kuma ɗakin karatu ya mutunta hakan. Abin da ba shi da iko a kai shi ne abin da 'ya'yan wasu da baligai za su karanta. Nan ne bakin zaren, kuma ya kamata a rubuta shi a allon shiga.

A ba shi takarda ya rubuta sunan littafin, shafin da ya dame shi, ko ya karanta shi duka, da abin da yake so a yi. Mutum uku su duba, ma'aikacin ɗakin karatu, malamin makaranta da wakilin iyaye, su ba da amsa a rubuce cikin mako biyu. Littafin yana nan a wurinsa har a yanke. Sau da yawa maganin shi ne a mayar da shi sashen manya, wanda hukunci ne na shekaru, kuma ya bambanta da ɓoye shi a durowa.

Me ya fi lalacewa?

Ƙurar hunturu da rana. Takardar jarida tana yin ja cikin 'yan kwanaki a kusa da taga, don haka a nuna kwafi, asalin ya zauna a ambulan. Tebur ya bar bango da tazarar tafin hannu saboda gara. Kada a manna salatif a jikin bangon littafi ko shafi, yana barin tabon da ba ya fita.

Sai sirrin masu karatu. Kada a ɗauki fuskar kowa a hoto don Facebook sai ya yarda, kundin baƙi kada ya nemi lambar waya, kuma rajistar aro ba ta zama a kan tebur inda kowa zai buɗe.

Wane lokaci ya fi?

Ranar littafi ta duniya 23 ga Afrilu ce, ta 'yancin jarida 3 ga Mayu, kwana goma tsakaninsu, tsawon da ya dace da nuni. Sai dai lokacin tsananin zafi ne, Garwa da Marwa kan haura digiri 40, ga jarrabawa ta kusa. A buɗe wa ɗalibai da safe, aji ɗaya na minti 40, a bar bayan la'asar ga manya, a tanadi ruwan sha a randa nesa da teburin littattafan.