Zaman Iyali a Ƙasar Waje

Zaman iyali a ƙasar waje shi ne halin da ma'aurata da 'ya'yansu ke shiga idan suka bar ƙasarsu suka tare a wata saboda aiki, karatu, kasuwanci ko aikin jakadanci. Ya bambanta da gudun hijira, domin a nan da shiri aka tashi, da takardu a hannu, kuma galibi ana sa ran komawa wata rana. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 281 ne ke zaune a wajen ƙasarsu ta haihuwa, wato kashi 3.6 cikin ɗari na al'ummar duniya, ko da yake adadin ya haɗa da 'yan gudun hijira.

Babban abin da ya raba tafiyar iyali da ta mutum ɗaya shi ne, jirgi ɗaya suka shiga amma ba rana ɗaya za su saba ba. Wanda aikinsa ya kawo su yakan tarar da ofis da abokan aiki suna jiransa. Yara sukan tarar da makaranta. Abokin zaman da ya biyo baya, wanda a mafi yawan lokuta matar ce, shi ne babu abin da ke jiransa sai ɗakunan gidan haya.

Takardu da izinin zama

Kusan ko'ina izinin zaman mata ko miji da yara a rataye yake da na wanda ya samu aikin. Idan aikin ya ƙare, zaman kowa ya shiga haɗari. Sharuɗɗan kawo iyali kuwa sun sha bamban. Tarayyar Turai ta kafa dokar haɗa iyali a 2003, amma kowace ƙasa tana ɗora nata ƙa'idojin a kai. Jamus, alal misali, tana neman yawancin masu biyo abokan aurensu su nuna sun iya Jamusanci na matakin farko tun kafin su shigo, sannan duk wanda ya tare a sabon gida ya yi rajista da hukumar gari cikin mako biyu. Birtaniya ta hana yawancin ɗaliban ƙasashen waje kawo iyalansu daga Janairun 2024, in ban da masu karatun bincike mai zurfi, kuma a Afrilun shekarar ta ɗaga mafi ƙarancin kuɗin shigar da ake bukata don bizar iyali daga fam 18,600 zuwa fam 29,000 a shekara. A ƙasashen yankin Gulf izinin zaman baƙo na ɗaure da mai ɗaukar nauyinsa, kuma sai albashi ya kai wani mizani ake barin ma'aikaci ya kawo iyali.

Takardar aure da ta haihuwa ma ba a karɓarsu haka nan. Sai an fassara su an kuma tabbatar da ingancinsu, ko dai ta hatimin da yarjejeniyar Hague ta 1961 ta tanada, ko ta ofishin jakadanci idan ƙasar ba ta cikin yarjejeniyar. Daga nan sai asusun banki, inshorar lafiya da lasisin tuƙi, waɗanda sau da yawa ɗaya ba ya samuwa sai an nuna ɗayan.

Matakan sabo

Masanin al'adu Kalervo Oberg, haifaffen Kanada, shi ya yaɗa batun gigicewar da baƙo ke yi a cikin al'adar da ba tasa ba, a wata lacca da ya gabatar a birnin Rio de Janeiro na Brazil a 1954, wadda aka buga a 1960. A ganinsa baƙo yakan fara da ɗoki, kome yana burge shi. Sai ɗokin ya gushe, ƙananan abubuwa su fara ɓata masa rai: yadda ake gaisuwa, yadda ake bin layi, shirun maƙwabta. Daga baya ya fara gane kan gari, har ya saba. A 1955 Sverre Lysgaard ya bayyana irin wannan hawa da sauka a bincikensa kan 'yan ƙasar Norwe da suka je karatu Amurka.

Wannan tsari ya shahara ƙwarai a wajen masu horar da ma'aikatan da za a tura waje, amma bai kamata a ɗauke shi kamar doka ba. Binciken da Colleen Ward da abokan aikinta suka buga a 1998 kan ɗaliban Japan a Niyu Zilan ya nuna cewa damuwa ta fi tsanani ne tun a farkon zuwa, ba bayan wani lokacin ɗoki ba. Hausawa ma sun ce baƙo makaho ne ko da idonsa, kuma makantar ta fi ƙarfi a makonnin farko.

John Berry, masanin halayyar ɗan Adam a Kanada, ya dubi lamarin ta wata fuska. Ya ce baƙo na iya riƙe al'adarsa ya kuma shiga cikin mutanen gari, ko ya saki tasa ya saje gaba ɗaya, ko ya killace kansa cikin 'yan ƙasarsu, ko ya rasa duka biyun. Bincike da dama sun danganta hanyar farko da kwanciyar hankali. Abin lura a nan shi ne, a gida ɗaya ana iya samun uba a hanya ɗaya, uwa a wata, 'ya'ya a ta uku.

Abokin zaman da ya biyo baya

A nan ne nauyin ya fi sauka, kuma a nan ne aka fi yin sakaci. Mace ko namijin da ya ajiye aikinsa ya biyo abokin aurensa yakan tarar ba a san da takardun karatunsa ba, ko ma doka ta hana shi aiki. A Amurka masu bizar H-4, wato iyalan ƙwararrun ma'aikata baƙi, sun daɗe ba su da izinin aiki, sai a 2015 aka buɗe ƙofa ga wasunsu kawai. Likita ko malamar makaranta na iya wayar gari ba ta da kuɗin kanta, ba dangi kusa, ba wanda za ta bar wa yaro na awa ɗaya. Kaɗaici irin wannan na daga cikin dalilan da ke sa iyali tattara kaya kafin kwantiragi ya ƙare. Kwasa-kwasan harshe suna taimakawa sosai, ba don harshen kaɗai ba, har don suna fitar da mutum daga gida. Kwas ɗin sajewa na Jamus, wanda aka fara a 2005, ya ƙunshi awa 600 na harshe da awa 100 na sanin dokoki da tarihin ƙasar.

Yara da harshe

Yara sun fi saurin kama harshe, amma saurin yana ruɗar iyaye. Masanin koyar da harshe Jim Cummins ya nuna cewa yaro na iya sakin baki da hira cikin kamar shekara biyu, alhali harshen karatu da jarrabawa yakan ɗauki shekara 5 zuwa 7. Iyalan da ke yawan sauya ƙasa sukan zaɓi makarantun ƙasa da ƙasa masu bin manhaja ɗaya, irin ta International Baccalaureate da aka kafa a Suwizalan a 1968, sai dai tsadarsu ta fi ƙarfin mafi yawan mutane idan ba wurin aiki ne ke biya ba.

Ruth Hill Useem, wadda ta yi nazarin iyalan Amurkawa a Indiya a shekarun 1950, ta kira irin waɗannan yara 'ya'yan al'ada ta uku: ba su zama cikakkun 'yan ƙasar iyayensu ba, ba su kuma zama 'yan ƙasar da suka tashi ba. Harshen gida yakan raunana idan ba a dage da shi ba, har jika ya kasa hira da kakarsa ta waya. Idan kuma yaro ya riga iyayensa ƙwarewa a harshen gari, sai ya koma tafintan gida a asibiti da makaranta, nauyin da ya girmi shekarunsa.

Matsayin yaran da aka haifa a can ya danganta da dokar ƙasar. Kanada da Brazil suna ba da shaidar zama ɗan ƙasa ga wanda aka haifa a cikinsu, Japan da ƙasashen Gulf kuwa ta jini suke bi, don haka yaro na iya girma a can har ya balaga yana matsayin baƙo mai sabunta izinin zama.