Waiwaye: Tokarar Jijiya, Daga Ƙarfe Zuwa Wadda Ke Narkewa

Kawuna manomi ne a wani ƙauye da ke yankin Ringim. Shekarun baya tsakuwar ƙoda ta kwantar da shi, aka yi masa aiki a wani asibiti a Kano. Likitoci suka bar masa siririyar roba a hanyar da ke kai fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara, suka ce ya dawo bayan sati shida a cire. Yana komawa gida ruwan shuka ya sauka. Daga shuka sai noman fari, sai maimai, sai girbi, ciwo kuwa ya lafa. Sai da fitsarinsa ya koma jini, bayan fiye da shekara, muka mayar da shi. Na ga robar da idona a cikin tasa bayan an ciro ta: kowane bakinta a lanƙwashe kamar ƙugiya, tsakuwa ta yi mata ɓawo kamar cikin tsohuwar butar shayi.

Na ce, "Kawu, me ya hana ka tuna mana?"

Ya ce, "Ɗan nan, ai na ɗauka an ba ni ita ke nan."

Wannan roba likitoci ke kira sitent, wato abin da ake tokare wata hanya ta cikin jiki da shi don kada ta tsuke, kamar yadda ake ɗaure rijiya don kada ta rufta. Irin ta Kawu, wani likitan Amurka mai suna Roy Finney ne ya fito da ita a 1978. Sunan kuwa yawanci ana danganta shi da Charles Stent, likitan haƙori a Ingila, wanda ya haɗa wani danƙo na ɗaukar siffar baki a 1856.

Inda aka fi shan gwagwarmaya shi ne jijiyoyin zuciya. A 1977 Andreas Gruentzig ya zura ɗan balan-balan cikin jijiyar zuciyar wani mutum a Zurich, ya hura, hanya ta buɗe. Sai dai kusan mutum ɗaya cikin uku jijiyarsa kan sake tsukewa cikin watanni. A 1986 Jacques Puel a Faransa da Ulrich Sigwart a Suwizalan suka fara barin 'yar ragar ƙarfe a wurin. Ta Julio Palmaz da Richard Schatz, wadda aka yi da ƙarfen da ba ya tsatsa, ta samu izinin hukumar magunguna ta Amurka a 1994. Amma jiki ba ya son baƙo. Naman tabo ya riƙa tsirowa ta cikin ragar yana toshe ta.

Maganin wannan daga ƙasa ya fito. A tsibirin Rapa Nui da ke tekun Fasifik aka ɗebo ƙasa mai ɗauke da wata ƙwayar halitta, daga gare ta aka samu sirolimus, wanda ke hana naman tabo yaɗuwa. Aka shafa shi a jikin ragar, aka fitar da ita da sunan Cypher, Amurka ta amince da ita a 2003. Murna ba ta daɗe ba. A taron likitocin zuciya na Turai a Barselona a 2006 aka nuna cewa jini na iya daskarewa a kan irin wannan raga ko bayan shekara, saboda maganin na jinkirta warkewar bangon jijiya. Masu ƙira suka koma ga gamin kobalt da kuromiyom, suka rage kaurin wayar daga kimanin maikuron 140 zuwa kimanin 80, kusan kaurin silin gashi. Majiyyaci kuma dole ya riƙa shan asfirin da wani maganin hana daskarewar jini irin kulofidogirel wata shida zuwa shekara, ba fashi.

Daga nan aka yi burin tokarar da za ta gama aikinta ta narke. Kamfanin Abbott ya ƙera Absorb da wata irin roba da jiki ke cinyewa cikin kimanin shekara uku. An amince da ita a Amurka a 2016, aka daina sayar da ita a 2017, bayan gwaji ya nuna jini ya fi daskarewa a kanta fiye da ta ƙarfe. Kaurinta ya yi yawa. Har yanzu ana gwada sirara, da waɗanda aka yi da maganiziyom.

Gwajin ba na wasa ba ne. Ana sa ragar a na'ura ta matse ta sau miliyan 400, daidai da bugun zuciya na shekara goma, sannan a jarraba a jikin dabbobi, sannan a dubban mutane. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, duk wannan lissafi an gina shi ne a kan majiyyacin da zai dawo ranar da aka ce, kuma ba zai rasa kuɗin magani ba. Babu na'urar da ke auna laka a hanyar ƙauye cikin Agusta, ko kuɗin mota zuwa Kano da mutum zai sayar da akuya kafin ya haɗa. Gwamnatin Indiya ta taɓa ɓangaren kuɗin: a Fabrairun 2017 ta ƙayyade farashin ragar zuciya mai magani a rufi 29,600 na kuɗin ƙasar. Amma wahalar komawa asibiti tana nan. Shi ya sa nake bibiyar binciken robar fitsari mai narkewa da zuciya ɗaya, domin irin su Kawu ita suka fi buƙata.

Bayan aiki na biyu an sake sa wa Kawu wata robar. Wannan karon ranar cirewar da gawayi muka rubuta ta a bangon zaure, daidai inda yake jingine garmarsa.