Takardar Naira: Yadda Ake Adana Ta Da Yadda Ake Gane Ta Jabu

Mai buga jabun kuɗi ba kasafai yake fito da takardarsa sabuwa fil ba. Sai ya cukuikuye ta, ya goga mata ƙasa ko ɗan maiƙo har ta yi kama da wadda ta sha yawo a kasuwa, sannan ya cusa ta a tsakiyar na gaske. Dalilinsa a fili yake. Alamomin da Babban Bankin Najeriya ya sa a jikin Naira da ido da yatsa ake gane su, dauɗa kuwa ita ke binne su. A garin da kowa ya saba karɓar baƙar takarda da ta yi laushi tiɓis, jabu wucewa take yi ba wanda ya ankara. Shi ya sa kula da kuɗi da gane jabu aiki ɗaya ne.

Kuɗinmu iri biyu ne. Naira 5, 10, 20 da 50 na leda ne. 'Yar Murtala, wato Naira 20, ce aka fara mayarwa leda a 2007, sauran ukun suka biyo baya a 2009. Naira 100, 200, 500 da 1000 kuwa na takarda ne, amma takardar da auduga ake yin ta, ba irin ta littafin makaranta ba. 'Yan jabu sun fi bin ɗari biyar da gudan dubu, domin can ribar take, don haka a kansu za a fi sa ido.

Gwaji na farko na yatsa ne, kuma shi ya fi amfani ga mai shayi da mai kayan miya da ke ciniki bayan magariba. Ku goga babban yatsa ko farce a kan hoton Nnamdi Azikiwe a ɗari biyar, ko na Aliyu Mai-Bornu da Clement Isong a dubu, ko a kan manyan haruffan sunan Babban Banki da ke sama. Za ku ji kaushi, domin injin da ke buga ta danna tawadar yake yi da ƙarfi har ta yi tudu. Injin ɗab'i na shago ba ya iya haka. Bugunsa sumul yake, wani lokaci har da santsi, saboda wasu na shafa kakin kyandir don takardar ta yi ƙwari. Sabuwar takarda ta gaske idan an kaɗa ta tana ƙara ƙaras-ƙaras. Ta jabu ko dai ta yi lagwaf, ko ta yi kauri fiye da kima, musamman idan takarda biyu aka manne.

Sai a ɗaga ta sama, ta fuskanci rana ko tocila. Abu biyu ake nema. A farin filin da ba a yi bugu sosai ba akwai ɓoyayyen hoto wanda a cikin jikin takardar yake, tun wurin yin ta, yana da wurin duhu da wurin haske. A ta jabu da farar tawada ko ruwan toka ake zana shi a sama, sai ka gan shi ko takardar na shimfiɗe a tebur, kuma ba shi da zurfi. Na biyu shi ne zaren tsaro da ya ratsa takardar daga sama zuwa ƙasa. A tafin hannu kamar a yanke yake gutsi-gutsi, amma da an ɗaga shi a haske sai ya zama layi ɗaya miƙaƙƙe, da ƙananan haruffan CBN, wato gajeren sunan Babban Bankin a Turance, a jikinsa. Idan an ɗaga ya ci gaba da zama a yanke, fenti ne aka ɗiga. Idan farce ya ɓamɓare shi, manna shi aka yi. Haka ma tambarin nan mai ruwan zinariya da ke jikin gudan dubu kusa da sa hannun gwamnan banki: na gaske ba ya ɓarewa da ɗan karce.

Gwajin da mutane suka fi mantawa da shi kuwa shi ne lambar takarda. Kowace Naira da lambarta, babu biyu masu lamba ɗaya. Ɗan jabu takarda ɗaya yake kwafa ya buga da yawa, saboda haka idan an ba ku bandir, ku zaro uku ko huɗu daga tsakiya ku haɗa lambobinsu. Biyu suka zo ɗaya, zance ya ƙare. Ku duba kuma takardar da aka liƙe da salatif: akwai masu haɗa rabin ta gaske da rabin jabu. Idan launin ɓangarorin biyu ya sha bamban, ko zanen bai haɗu daidai a bakin yagar ba, kar a karɓa. Mai shago ko mai POS da ke juya kuɗi da yawa ya kamata ya sayi 'yar fitilar nan mai shuɗin haske irin ta banki. A ƙarƙashinta baƙar lambar takardar gaske kan koma kore, takardar ofis kuwa duk jikinta ne ke haskawa fari fat.

Maganar ruwa tana buƙatar gyara, domin an cika yin kuskure a nan. Gaskiya ne yawancin jabun da aka buga da ƙaramin inji tawadarsu na zuba idan an shafa jiƙaƙƙen yatsa. Amma goga kuɗi a farar takarda ko a bango don a ga ko zai bar launi ba hujja ba ce, tunda sabuwar takarda ta gaske ma takan bar ɗan launi saboda kaurin tawadarta. An sha ɓata wa masu gaskiya suna da wannan gwaji. Kada a yanke hukunci da alama ɗaya. A haɗa aƙalla uku, kuma a ajiye takarda ɗaya da aka karɓo daga banki don gwadawa gefe da gefe.

Jabu ta fi shiga inda ake gaggawa: kasuwar shanu da ta hatsi lokacin kaka, tashar mota, gidan mai da dare, da cinikin wanda ya miƙo dubu ya sayi abin ɗari yana ta azalzala a ba shi canji. Manomin da ya sayar da buhu goma ya zauna ya ƙirga ɗaya bayan ɗaya a gaban mai saye, da rana, ko su je banki tare. Ba rashin yarda ba ne, kuma mai gaskiya ba ya jin haushin ƙirga. A kasuwannin kan iyaka irin su Maigatari, Jibiya da Illela, inda Sefa ke yawo tare da Naira, wannan taɓawa da ɗagawa a haske su ne dai za a yi mata.

To idan ta riga ta shigo hannu fa? Kar a tura ta gaba da sunan rage asara, wanda ya kashe jabu da saninsa shi ma mai laifi ne. A ware ta a ambulan, a tuna daga wa ta fito, a kai banki ko ofishin 'yan sanda. Banki ba zai musanya ta da ta gaske ba, gara a san wannan tun daga gida. Kada kuma a tara wa wanda ya kawo ta jama'a, sau da yawa shi ma cutarsa aka yi. Wanda ya buga ta kuwa, sashe na 20 na Dokar Babban Banki ta 2007 ya tanadar masa ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba.

Wajen ajiya, babban abokin gabar takardar auduga shi ne laima. Kuɗin da aka ƙulle a leda da gumi a jikinsu, aka tura ƙarƙashin katifa ko aka binne a ƙasa, funfuna suke yi su manne da juna, gara da ɓera su ƙarasa sauran. Robar ɗaure kuɗi ma idan ta daɗe a zafi narkewa take ta kama takarda. A ɗaure da ɗan ƙyallen takarda ya fi. Wanda dole ya ajiye a gida ya sa su a miƙe, a bushe, cikin gwangwani mai murfi, sama da ƙasa, ya riƙa dubawa musamman da damina. Kuɗi masu yawa dai banki ne wurinsu. Idan takarda ta jiƙe, a shimfiɗa ta tsakanin busassun takardu a inuwa, a ɗora abu mai nauyi. Na leda kuwa kada a kusanta su da dutsen guga, murhu ko kaskon suya, nan take suke ƙanƙancewa, kuma yawan ninki ne ke goge musu launi har 'yar tagarsu mai gani ta dushe.

Ƙulle kuɗi a haɓar zani, tura su cikin rigar mama ko safa, da dunƙule su a tafin hannu, duk suna karya zaren audugar. Akwai kuma ɓangaren lafiya. Takardar da ta bi hannun mahauci, kwandasta da mai jinya tana ɗauke da ƙwayoyin cuta, har da masu sa gudawa da ƙurajen fata. A daina lasar yatsa wajen ƙirga, a ajiye ɗan jiƙaƙƙen soso. A daina riƙe kuɗi da baki, a hana yara tsotsarsu. Mai abinci ta ware hannun karɓar kuɗi ko ta sa wani ya karɓa, a kuma wanke hannu da sabulu kafin a ci.

Liƙi a wajen biki, taka kuɗi a filin rawa, rubutu a jikinsu, huda su da ƙarfen maƙala takarda, da sayar da sababbi a bakin hanya, duk laifi ne a sashe na 21 na Dokar Babban Banki: ɗaurin da bai gaza wata 6 ba, ko tarar da ba ta gaza Naira 50,000 ba, ko duka biyun. Ambulan ko faranti sun wadatar wajen karrama amarya da makaɗi.

Takardar da ta yage ko ta tsufa ba ta mutu ba. Muddin mafi yawan jikinta na nan kuma lambarta na karantuwa, a kai ta banki a saka a asusu maimakon a yi ta faɗa da mai adaidaita. Tsofaffin 200, 500 da 1000 da waɗanda aka sauya wa launi a ƙarshen 2022 duk halastattu ne, bisa hukuncin Kotun Ƙoli na Nuwamban 2023, don haka bambancin launi kaɗai ba ya nuna jabu.