Yadda suna ke komawa aikatau a Turanci, da inda Japanawa ke tuntuɓe

Ta yaya suna ke zama aikatau ba tare da an ƙara masa komai ba?

Turanci na barin kalma ta sauya aiki ba ta sauya kama ba. *Water* ruwa ne, amma a *water the plants* ma'anarsa ba shuka ruwa. Gurbin kalmar a jimla shi ke nuna aikinta: in ta biyo bayan mai aikatawa, ko bayan *to* ko *will*, ko ta karɓi *-ed* da *-ing*, to ta zama aikatau. Masana harshe Eve Clark da Herbert Clark sun tattara misalai sama da 1,300 na irin wannan a nazarinsu na 1979.

Me ya sa abin ke wahalar da mai jin Japananci?

Domin a harshensa sai an sa wa kalmar aro alama kafin ta yi aikin aikatau. Hanyar da ta fi yawa ita ce a liƙa mata *suru*, wato yi: *kopii suru*, *doraibu suru*. Bahaushe zai gane wannan nan take, domin mu ma haka muke cewa yi waya, yi caji. Hanya ta biyu ita ce a datse kalmar a ƙarasa ta da *-ru*: *memoru*, rubuta abu don tunawa, *misuru*, yin kuskure, *guguru*, bincike a Google. Waɗannan suna juyawa kamar aikatau 'yan gida, shi ya sa ake jin *gugutta* in an riga an bincika, *guguranai* in ba za a bincika ba.

Matsalar tana zuwa lokacin da ɗalibi ya ɗauki *suru* ya mayar da ita *do*. Sai ka ji *I did copy the file* a inda *I copied the file* ake nufi. Jimlar farko ba ta karye ba, amma ta koma jaddadawa, kamar mai rantsuwa cewa lallai ya kwafa bayan an ƙaryata shi. *I will do drive* kuwa kuskure ne kai tsaye. Maganin shi ne a jefar da *do*, a ɗora alamar lokaci, kamar *-ed*, a kan kalmar kanta.

To duk kalmar da ke karɓar *suru* ana iya mayar da ita Turanci haka?

A'a, kuma nan ne aka fi shan kunya, saboda kalmomi da dama sun sauya ma'ana bayan sun shiga Japan. *Kanningu suru* satar amsa ce a jarrabawa, alhali *cunning* siffa ce ta mai wayo, aikatau ɗin da ake buƙata *cheat* ne. *Charenji suru* na nufin gwada abu mai wuya, amma wanda ya ce *challenge the exam* za a ɗauka yana ƙalubalantar sahihancin jarrabawar. *Meeru suru* saƙon intanet ne, *mail it* kuwa a Amurka ta gidan waya ake nufi, sai a ce *email*. *Arubaito*, aikin wucin gadi, ba ma daga Turanci ya fito ba, daga Jamusanci ne. *Chin suru*, ɗumama abinci, ƙarar na'urar ɗumamawar aka kwaikwaya; Bature *microwave it* zai ce.

Akwai sunayen da ba sa yarda?

Akwai, galibi in wani aikatau ya riga ya tare gurbin. Ana cewa *bike to work*, ba a cewa *car to work* saboda *drive* na nan. Haka *bake* ya hana *oven*, *hospitalize* ya hana *hospital*.

Yaya ake gane ma'anar sabon aikatau?

A tambayi abin da aka saba yi da abin. Guduma ana bugu da ita, don haka *hammer* bugawa ne. Kwalba ana zuba abu a ciki, *bottle* ɗurawa ke nan. Ɓawo cire shi ake yi, *peel* ferewa. Sai dai wannan ba ya wadatarwa kullum. *Dust the table* share ƙura ne, *dust the cake with sugar* kuwa barbaɗawa. Wanda ya fi haɗari a wurin taro shi ne *table a motion*: a Birtaniya gabatar da ƙuduri ne don a tattauna, a Amurka jingine shi. Ma'aikacin da ke rubuta wa ɓangarorin biyu gara ya ce *postpone* ko *bring up*.

Furuci da rubutu fa?

Wasu kalmomi masu gaɓa biyu suna matsar da nauyin murya: *record*, *permit* da *present* a gaɓar farko in suna ne, a ta biyu in aikatau ne. *Email* ba ya matsawa. *Use* da *house* suna ƙarewa da sautin s a suna, z a aikatau, *advice* kuma ya koma *advise*. Baƙin ƙarshe yakan ninku bayan gajeren wasali mai nauyin murya: *ship*, *shipped*. Aikatau da ya fito daga suna yakan bi *-ed* ko da ya yi kama da wani da ba ya bi, shi ya sa a wasan besbol, wanda Japanawa suka sani sosai, ake cewa *flied out* maimakon *flew out*.

Ana iya amfani da su a takardar aiki?

Tsofaffi irin su *chair a meeting* da *book a room* ba mai ɗaga gira a kansu. *Google* ma ya shiga ƙamusun Oxford da Merriam-Webster a matsayin aikatau tun 2006. Sababbi kamar *calendar it* har yanzu yaren ofis ne, wasu masu karatu ba sa son su. Kafin a rubuta, a buɗe ƙamus na Turanci zalla, a duba ko kalmar na da sashen aikatau, sannan a karanta jimlolin misali don ganin ko tana ɗaukar karɓau, wato abin da aikin ya faɗa wa, kai tsaye ko sai da *to* ko *with*.