Karayar arziki a kotunan Amurka: ma'anar kalmar da inda takardunta suke

A kasuwanninmu idan aka ce wane ya karye, ba a neman ƙarin bayani. Jari ya narke, bashi ya yi masa katutu, shagon da a da ba ya rabo da jama'a yanzu yana garƙame. Magana ce ta baki, ba alƙali ba hatimi. Kalmar bankruptcy da ake yawan ji a labaran Amurka, wadda muke fassarawa da karayar arziki, ta wuce nan. Matsayi ne da doka ke ba mutum ko kamfani bayan an shigar da takarda a kotu. Mutum na iya tsiyacewa ƙarƙaf bai taɓa shiga wannan matsayi ba, kamfani kuma na iya shiga alhali ma'aikatansa na ci gaba da zuwa aiki kowace safiya. Wanda ya yi karatun fiƙihun Malikiyya zai tuna da babin taflisi, inda alƙali ke hana muflisi taɓa dukiyarsa, a sayar da ita a raba wa masu binsa gwargwadon bashin kowa. Tushen tunanin ɗaya ne. Inda suka rabu shi ne, a Amurka galibi wanda ake bi ne da kansa ke kai kansa kotu, kuma a ƙarshe ana iya sauke masa ragowar bashin gaba ɗaya.

Kuskuren da aka fi yi shi ne wajen neman takardun. Jihohin Amurka sun kasu gunduma-gunduma, abin da suke kira kawunti, kuma a hedkwatar kowace gunduma akwai ginin kotu. A can ake ajiye takardun filaye da na jinginar gida da gona da na rabon gado. Don haka ba laifin mutumin ƙauye ba ne in ya nufi can yana neman fayil ɗin karayar arziki. Sai dai ba zai same shi ba. Tsarin mulkin ƙasar ya damƙa wannan doka a hannun majalisar tarayya, dokar da ake aiki da ita yanzu an kafa ta a 1978, kuma kotunan tarayya kaɗai ke sauraren shari'ar. An raba ƙasar zuwa yankunan shari'a 94, wasu jihohin ma gaba ɗayansu yanki guda ne.

Ɗauki jihar Dakota ta Arewa. Gundumomi 53 gare ta, amma ofishin magatakardar kotun karayar arziki yana birnin Fargo, a can ƙuryar gabas, kan iyaka da Minesota. Manomin alkama da ke gundumar Williams a yammacin jihar, in ya ce sai ya miƙa takardunsa hannu da hannu, tafiyar wajen kilomita 600 ce a gabansa. A ganina wannan nisa shi ne babban abin da ke raba talakan karkara da haƙƙin da doka ta ba shi, domin mutumin da ake shirin ƙwace wa tarakta ba shi da kuɗin mai da na kwana a birni. Sauƙin da ke akwai shi ne ana karɓar takardu ta gidan waya, lauyoyi kuma ta intanet suke shigarwa. Ba a zaɓar kotu yadda aka ga dama: inda mutum ya fi daɗewa da zama ko da harka a cikin kwana 180 kafin shigar da takarda, nan ne yankinsa.

Dokar tana da babi-babi, da lambar babin ake kiran kowace shari'a. A babi na 7 ana sayar da abin da doka ba ta kare wa mutum ba a biya masu bashi, a sauke sauran. A na 13 mai albashi ko wata hanyar samu tsayayya yana riƙe kayansa, ya riƙa biya a hankali cikin shekara 3 zuwa 5. Na 11 na kamfanonin da ke son gyara tsarinsu ne, na 9 kuma na hukumomin gari da gunduma, kamar yadda gundumar Jefferson ta jihar Alabama ta yi a 2011.

Wanda ya fi shafar karkara shi ne babi na 12. An ƙirƙiro shi a 1986, lokacin da kuɗin ruwa ya yi tashin gwauron zabi, darajar gonaki ta faɗi, bankuna suka riƙa ƙwace gonakin da iyalai suka gada kaka da kakanni. Da farko na wucin gadi ne, sai a 2005 aka tabbatar da shi. Hikimarsa ita ce ya san manomi ba ɗan albashi ba ne. Kuɗinsa na zuwa ne da kaka ko ranar da ya sayar da shanu, saboda haka ana iya tsara masa biya shekara-shekara maimakon wata-wata. Haka kuma idan bashin da ke kan gona ya fi darajarta ta yau, kotu na iya sauko da kason da ke kan jingina zuwa ainihin darajar gonar. A 2019 aka ɗaga iyakar bashin da manomi zai shiga wannan babi da shi zuwa dala miliyan 10.

Shigar da takarda ba kyauta ba ne: dala 338 a babi na 7, dala 313 a na 13, dala 278 a na 12. Ana iya roƙon biya kashi-kashi, a babi na 7 kuma wanda samunsa ya yi ƙasa sosai na iya neman a yafe masa. Tun 2005 wajibi ne mutum ya fara zama da mai ba da shawara kan bashi kafin ya shigar. Sannan ya zayyana komai bisa rantsuwa: gona, dabbobi, mota, kuɗin banki, sunan duk wanda ke binsa ko da ɗan'uwansa ne. Da zarar takardar ta shiga, doka ta ɗaure hannun masu bin bashi. Ba kiran waya, ba gwanjon gona, ba yankar albashi, sai da izinin alƙali. Bayan 'yan makonni amintaccen wakilin da aka naɗa ya sa ido kan shari'ar zai zaunar da wanda ake bi ya yi masa tambayoyi, masu binsa ma suna da damar halarta. Wannan zama yanzu yawanci ta bidiyo ake yinsa. Akwai bashin da ba ya sauka ko an gama, kamar kuɗin ciyar da 'ya'ya, da yawancin bashin karatu, da abin da aka ci ta hanyar zamba.

Duk waɗannan takardu a buɗe suke ga jama'a, kuma nan ne abin yake da nauyi a ƙaramin gari inda kowa ya san kowa. Ana samun su a rumbun intanet na kotunan tarayya mai suna PACER. Za ka yi rajista, ka nemi shari'ar da suna ko da lambarta, in ba ka san yankin ba akwai wurin bincike na ƙasa baki ɗaya. Shafi ɗaya senti 10 ne, takarda guda ba ta wuce dala 3, kuma in abin da ka ci a wata uku bai haura dala 30 ba, ba za a karɓi komai ba. A ofishin magatakarda akwai kwamfutar da ake dubawa kyauta. Lambar shaidar ɗan ƙasa ba ta fitowa duka, sai huɗun ƙarshe. Shari'un da aka shigar kafin 1 ga Disamba 2003 an rufe takardunsu daga intanet saboda suna ɗauke da cikakkiyar lambar, sai ta hannun kotun ake neman su, tsofaffi sosai kuma an kwashe su zuwa rumbunan adana tarihi na tarayya. Kotun gunduma tana da nata amfanin: can za ka ga ko an jinginar da gonar, da kuma wanda ya riga wani rajistar jinginar.

Ɗan kasuwarmu da ya tura kuɗin mota ko na injin noma ga wani dila a Amurka, sai ya ji dilan ya karye, shi ma mai bin bashi ne a idon wannan kotu ko yana Kano ko Maraɗi. Akwai fom mai lamba 410 da ake cikewa, a haɗa da rasit da shaidar tura kuɗi. A babi na 7 da 12 da 13 wa'adin kwana 70 ne daga ranar da aka shigar da shari'ar, sai dai in sanarwar kotu ta ce babu dukiyar rabawa, a dakata tukuna. A babi na 11 alƙali ne ke sa ranar, kuma tana rubuce a cikin fayil ɗin.