Shin Mutum 144,000 Kaɗai Za Su Shiga Sama?

Maganar ta daɗe tana yawo, har wasu Kiristoci kan karaya: wai mutum 144,000 ne kawai za su shiga Mulkin Sama. Masu faɗin haka ba ƙirƙirar adadin suka yi ba, yana nan cikin Wahayin Yahaya 7:4. Sai dai wurin yana magana ne a kan waɗanda aka buga wa hatimi daga kabilun Isra'ila, 12,000 daga kowace kabila cikin goma sha biyu. Malamai da yawa ma na ɗaukar lissafin a matsayin alama, ga shi kuwa babu kabilar Dan a jerin, alhali tana cikin kabilun Isra'ila na asali.

To, ɗan gangara zuwa aya ta 9. Nan Yahaya ya ga taro mai yawa wanda ba mai iya ƙirgawa, daga kowace al'umma da kabila da harshe, sanye da fararen riguna, riƙe da ganyen dabino, a gaban kursiyin. A ganina wannan ayar ce aka fi tsallakewa.

Duk sa'ad da aka kawo maka aya guda, buɗe Littafi Mai Tsarki ka karanta surar gaba ɗaya, ka ga da wa ake magana. Don Allah a tura wa 'yan'uwa wannan bayani.