Sikkim: Yadda wata jiha a Indiya ta rabu da takin zamani

Ina ne Sikkim, kuma me ya sa ake yawan ambatonta?

Ƙaramar jiha ce a arewa maso gabashin Indiya, cikin duwatsun Himalaya, tana iyaka da Nefal da Butan da yankin Tibet na ƙasar Sin. A ƙidayar 2011 mutanenta sun ɗan haura dubu 600. A watan Janairun 2016 Firaminista Narendra Modi ya je Gangtok, babban birninta, ya ayyana ta jiha ta farko a Indiya da dukkan gonakinta, kimanin hekta dubu 75, ba a zuba musu takin zamani ko maganin feshi na sinadari.

Yaushe abin ya faro?

A 2003, lokacin da babban ministan jihar, Pawan Chamling, ya gabatar da ƙuduri a majalisar dokoki. Ba a wayi gari an rufe shagunan taki ba. Sannu a hankali aka riƙa rage tallafin da gwamnati ke sa wa takin zamani, ana kuma koya wa manoma haɗa taki da kashin shanu da ganye da ragowar amfanin gona, da kiwon tana don ta narkar da shara ta zama taki. Maganin ƙwari kuwa ana haɗa shi da fitsarin shanu da ganyen dogon yaro, itacen da mu ma daga can Indiya ya zo mana. A 2010 aka kafa hukuma ta musamman da za ta bi gona-gona a tantance a ba da shaida. Sai a 2014 aka yi dokar da ta haramta sayar da sinadaran da amfani da su, da hukuncin tara ko ɗauri. Shekara 11 ke nan tsakanin ƙuduri da hani, kuma a ganina wannan haƙurin shi ne ƙashin bayan nasarar.

Me ya sauƙaƙa musu?

Tun asali manomin Sikkim ba ya zuba takin zamani da yawa. Gonakin ƙanana ne, a gangaren dutse, kusan kowane gida da shanunsa. Babban abin sayarwarsu, wani kayan ƙamshi da ake kira kadamom, a inuwar itatuwa yake fita. Sai citta da kurkum da lemu da masara. Wanda bai saba da buhun taki ba, raba shi da shi ba ya yin wuya kamar manomin shinkafa da alkama na jihar Punjab ta Indiya.

To, manoma sun ci riba?

A nan ne maganar take da ɗaci. Jihar ta sami lambar yabo ta zinariya a 2018 daga Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya da abokan aikinta, masu yawon buɗe ido ma sun ƙaru. Amma manoma da dama sun koka cewa amfani ya ragu a shekarun farko, cuta ta dami citta da lemu, maganin ganye kuma ba koyaushe yake kashe ƙwari ba. Abin da ya fi ciwo shi ne kasuwa. Mutum ya sha wahalar samun takardar shaida, ya kai kayansa kasuwa, ya tarar da kayan lambu masu araha da aka shigo da su daga Siliguri, wani birni a jihar da ke maƙwabtaka da su, mai saye kuma farashi yake dubawa. Shi ya sa a 2018 gwamnati ta hana shigo da wasu kayan lambun da aka noma da sinadari, 'yan kasuwa suka yi ta ƙorafi. Har yau jihar ba ta ciyar da kanta da shinkafa. Daga sauran jihohi take samu.

Wata ƙasa ta gwada irin haka?

Siri Lanka ta gwada, da gaggawa. A watan Afrilun 2021 Shugaba Gotabaya Rajapaksa ya hana shigo da takin zamani lokaci guda, a ƙasar da manoman shinkafa da ganyen shayi suka shafe shekaru suna dogaro da shi, babu isasshen takin gargajiya a ƙasa, babu horo. Noman shinkafa ya faɗi, aka koma sayo ta daga waje, kafin ƙarshen shekarar gwamnati ta janye hanin. A Yulin 2022 Rajapaksa ya tsere daga ƙasar bayan zanga-zangar tsadar rayuwa, wadda matsalar abinci na cikin abubuwan da suka rura ta.